Wane Itace Za A Dasa Don Tsuntsu Ya Dawo Bacirawa?

Duk wanda ya fita daga birnin Kano ya kama hanyar Katsina, in ya wuce Kurna da Rijiyar Lemo, ba zai yi nisa ba sai ya iske Bacirawa, cikin ƙasar Ungogo. Yau in ka tsaya can da hantsi, abin da kunnenka zai fara ji shi ne ƙarar babura da injin niƙa da amon masu buga bulo. Amma ba da daɗewa ba ƙwarai wannan yanki karkara ne sosai, gona na bin gona, ko wace an kewaye ta da shingen lalle ko na gamba ko na cin-da-zugu, ga ɗorawa da tsamiya da gawo tsaitsaye a tsakiya. Wanda ya kwana nan a wancan zamani ba ya bukatar mai tashinsa da asuba, in ladan ya makara koje ba ya makara.

Wannan ba zancen tsofaffi kaɗai ba ne, akwai shi a rubuce. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdulkarim, ya shigo Kano daga wajen Katsina cikin 1851, ya kuwa yabi kyan karkarar da ya ratso da yawan itatuwanta. A cikin 1965 kuma wani malamin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Mista Michael Mortimore, shi da abokin aikinsa Mista J. Wilson, suka buga rahoto a kan mutane da gonakin ƙasar Ungogo ɗin nan. Abin da ya ba masana mamaki game da kewayen Kano shi ne, ga jama'a cunkushe, ana noma gona ko wace shekara ba hutu, amma ƙasa ba ta mutu ba, itace kuma bai ƙare ba. Jakuna su kai itacen wuta birni, su komo da taki. Ko wane itace na gona yana da mai shi, ana sassabe reshensa, ba a kashe shi.

To, birni ya biyo hanya ya cim ma Bacirawa. A ƙidayar 2006 mutanen Ƙaramar Hukumar Ungogo sun haura 360,000, tun daga nan kuwa gini bai tsaya ba. Gonaki da yawa an yanka su awon igiya, kowa ya sami 'yan ƙafafunsa ya ja katanga, ya dafe tsakar gida da siminti har bakin ƙofa. Abin da ya fara tafiya shi ne shinge, don shi ne a kan iyaka, a nan kuwa a ke haƙa harsashin katanga. Dubi sunayen unguwannin Kano mana: Kurna, Ɗorayi, Rimin Kebe, Tsamiyar Boka, Durumin Iya. Sau da yawa sunan ya fi itacen tsawon rai.

Duk da haka son shuka bai fita daga zuciyar Bakano ba. Mutum ya gama gini, ya ga tsakar gidansa fayau kamar faranti, sai ya nufi wajen masu sayar da fure a bakin titi, ya zaɓi wanda ya fi ɗaukar ido. Ni mai wannan rubutu na taɓa yin haka. Na sayi waɗansu masu jan fure cunkus, na ɗora a bayan babur ina alfahari. Na yi ta ɗibar musu ruwan da a ke saye a jarka, bazara na shigowa suka ƙone ƙurmus, tsawon zamansu kuwa ban ga ko ƙudan zuma ya sauka kansu ba, balle tsuntsu. Laifin ba na mai sayarwa ba ne, ya ba ni abin da na nuna. Ni ne ban yi tambayar da ta kamata ba, watau a wane wata itacen nan ya ke fure, me kuma ya ke ba mai rai in ya yi.

MAI GONA ZAI YI GARDAMA

Na san wani zai ce, Malam, mu da mu ke kwana a kan dakali muna kaɗa gwangwani don korar tsuntsu daga gero, kai kuma ka zo kana koya mana yadda za mu kira shi? Wannan magana tana da nauyi, ba a kuwa amsa ta da wasa. Wanda ya ga garken jan-baki ya sauka gona ya tashi ya san abin da a ke kira hasara. Kabare ma ba ya rena zangarniya.

Amma a lura, tsuntsu ba ɗaya ba ne. Jan-baki abincinsa ƙwayar ciyawa da hatsi, tafiyarsa kuma ta dubbai ce, yana bin fadamu da manyan dazuzzuka. Ko ka dasa fure ko ba ka dasa ba, bai san da zamanka ba. Waɗanda itacen fure ke jawowa su ne masu shan ruwan fure da masu cin ƙwari da masu cin 'ya'yan itace. Su kuwa 'yan ƙwadago ne da ba a biya. Kusan duk ƙananan tsuntsaye, har da waɗansu masu cin hatsi, da tsutsa da ƙananan ƙwari su ke ciyad da 'ya'yansu a sheƙa. Mai 'yan kunyoyin wake ko kuɓewa a bayan gida shi ya fi kowa cin ribar wannan. Abin da zan yarda da mai gardama shi ne, kada a bar dogon itace mai rassa siriri a kusa da gonar gero, don irinsa kabare ke so ya rataya gidajensa. Maganarmu a nan ta gajerun itatuwa ce, waɗanda ba su wuce tsayin katanga da yawa ba.

YUNWAR TSUNTSU DA RANI TA KE

Damina a ƙasar Kano wata huɗu ce ko biyar, daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Satumba. A cikinta tsuntsu ba ya bukatar kowa, ko ina fara da tsutsa da ciyawa. Wahala tana farawa ne in an kai amfani gida, hunturu ya busar da kome, ta kuma yi tsanani da bazara, cikin Maris da Afrilu. Saboda haka itacen da ya yi fure da damina ado ya yi maka, wanda ya yi da rani shi ne ya ciyad da baƙo. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata mai gida ya riƙe in zai zaɓa.

Mu fara da sha-kauci, don shi ne sarkin masu son fure. Ɗan mitsitsi ne, waɗansu irinsa ba su kai nauyin giram 10 ba, bakinsa siriri mai ɗan lanƙwasa, harshensa kamar tsinken zuƙo. Akwai wani irinsa da ke zuwa mana da rani musamman, namijin ya yi ado da kore mai ƙyalli a sama, rawaya a ciki, ga waɗansu gashin wutsiya guda biyu dogaye. Shi a cikin rani ya ke yin sheƙa, 'yar jaka ce ya ke saƙawa ya rataya a reshen ƙaya. Sunan da Bahaushe ya ba shi ya nuna kakanninmu sun zuba ido ƙwarai. Kauci, watau wannan tsiro da ke maƙale a reshen ɗorawa ko kaɗanya ko lemo, furensa kamar tsinken ashana ya ke, a rufe. Ba ya buɗewa sosai sai tsuntsun ya sa baki, sa'an nan ya fashe ya watsa masa garin fure a goshi, shi kuma ya kai wa na gaba. In ya yi 'ya'ya wani ɗan tsuntsu dabam ya ci, ya goge ƙwayar mai danƙo a jikin reshe, a nan sabon kauci zai tsiro. Ba na ce kowa ya je ya ɗora wa lemonsa kauci ba, don cuta ne ga itace, yana shan ruwan jikinsa har ya kassara shi. Amma in ya fito a kan itacen da ba a cin 'ya'yansa, ba laifi a ƙyale reshe guda.

Abin da za a dasa wa sha-kauci da hannu, na farko shi ne zogale. Kowa ya san shi, uwargida ma ba za ta yi gardama ba tun da ya ke za ta sami na kwaɗo da na miya. Reshe a ke yankowa a kafa, ko a shuka ƙwaya, ba ya son wahala, farin furensa kuma ya kan daɗe cikin shekara har da rani in yana ɗan samun laima. Kuskuren da a ke yi shi ne a riƙa tsige shi tas ko wane mako. In da hali a dasa biyu, ɗaya na tukunya, ɗaya a bar shi ya yi fure. Rumman ma haka, jan furensa yana kiran tsuntsu daga nesa, ya kuwa saba da zafin Kano. Akwai minjirya, wadda ta kan kaɗe ganye da rani ta fid da fure ja wur, ita ma sanda a ke kafawa ta kama, amma ta fi jin daɗin ƙasar Zazzau inda ruwa ya fi yawa, a nan sai an taimake ta.

Sai tumfafiya, wadda na san za a yi mini dariya a kanta. Wa zai dasa tumfafiya a gida, abin da ke fitowa a juji da kufai? To, ba sai an dasa ba, ita ke kawo kanta. Abin da na ke roƙo kada a yi gaggawar sare ta in ta fito bayan katanga. Tana fure a lokacin da kome ya bushe, ba ta neman ko ɗigon ruwa, awaki ba su damu da ita ba, audugar cikin 'ya'yanta kuma ƙananan tsuntsaye na ɗiba su shimfiɗa a sheƙa. Sai dai a ja wa yara kunne, farin ruwanta mugun abu ne in ya shiga ido. Saboda haka wajen gida ne wurinta, ba tsakar gida ba.

LALLE DA 'YAN UWANSA MASU ƘAYA

In an ce in zaɓi guda ɗaya tak don gidan Bacirawa, lalle zan ɗauka. Dalili na farko, ɗan gida ne, ƙasar nan ta san shi, shi ne ma shingen da aka tumɓuke aka yi katanga. Na biyu, ba ya cin wuri, ana iya jera shi a bin katanga cikin fili mai faɗin ƙafa biyu, a riƙa aske shi daidai yadda a ke so. Na uku, in ya manyanta rassansa su kan cushe, ƙananan su yi tsini kamar ƙaya, ya zama mafaka wadda kyanwa ba ta ratsawa da sauƙi. Mutane da yawa da suka tashi suna ganin lalle a hannun amare ba su taɓa ganin furensa ba, don manomi yankan sa ya ke yi tun bai kai ga fure ba, ganyen ya ke so. Furen ƙanana ne, farare, a cure kamar zangarniya, ƙanshinsu da maraice ya kan cika gida. Ƙudan zuma da sauran ƙananan ƙwari su taru a kai, masu cin ƙwari kuma su biyo su. Watau lalle ba ya ciyad da tsuntsu da kansa, kasuwa ya ke kafa masa.

A cikin irin wannan shinge ne za ka ga asisi, mai shuɗin ƙirji, namijin da ɗan jan tabo a kumatu. Yana da wata dabara, sau da yawa ya kan yi sheƙarsa dab da gidan rina, don duk mai son ƙwansa ya fara gaisawa da masu gadi. Da shi da baiwar Allah, 'yar jar nan da ke shiga har cikin ɗaki tana tsince-tsince, ƙwayar ciyawa su ke ci, ba su iya fasa zangarniya a gona. Dā baiwar Allah a jinka da ramukan katangar ƙasa ta ke sheƙa. Yanzu da kwano da siminti suka maye, in babu kurmin lalle ko makamancinsa ba ta da wurin sa kai.

Maganar ƙaya tana da wani gefe da ya kai har Turai. Ko wace kaka miliyoyin ƙananan tsuntsaye su kan baro ƙasashen Turai su ƙetare hamada su yi rani a ƙasashenmu, su koma cikin Maris da Afrilu. Akwai wani mai farin maƙogwaro, bai fi gwara girma ba, wanda Ingilishi ke ji da shi. A bazarar 1969 suka zuba ido, fiye da kashi biyu cikin uku na waɗanda suka saba komowa ba su komo ba. Da aka bincika sai aka gane farin da ya fara a ƙasashenmu na bakin hamada ne ya hallaka su. Ashe shingen da manomin Ungogo ya bari ko ya sare yana da alaƙa da abin da Bature zai ji a lambunsa.

Waɗansu masana na ƙasar Holan, shugabansu Leo Zwarts, sun bi Afirka ta Yamma shekara da shekaru suna duba itace ɗaya ɗaya, fiye da 300,000, suna ƙidaya tsuntsayen da ke kai, suka buga sakamakon cikin 2015. Suka tarar baƙin nan ba ko wane itace su ke sauka ba. Masu ƙaya su ke bi, irin su gawo da aduwa da dangin bagaruwa. Darbejiya da itacen turare kuwa kusan wayam. Dalilin ba boyayye ba ne. Itacen da ya tsare kansa da ƙaya ganyensa ba shi da ɗaci ƙwarai, ƙwari na samun na ci. Darbejiya kuwa da ɗaci ta tsare kanta, shi ya sa mu ke sa ganyenta a rumbu. Ba ina ƙin darbejiya ba ne. Daga Indiya asalinta, cikin 1928 aka fara dasa ta a ƙasar Barno, ta kuwa yi wa Arewa alherin inuwa wanda ba mai musu, koje da jemage ma na shan 'ya'yanta. Amma unguwar da babu kome sai darbejiya, inuwa gare ta, ba abinci.

Gawo ya fi ƙarfin ƙaramin gida, wurinsa gona ko filin makaranta ko harabar masallaci. Abin da gida zai iya ɗauka shi ne magarya. Tana fure wajen ƙarshen damina, ƙanana masu jawo ƙwari, ta nuna da hunturu, yara su ci tsuntsaye su ci, in an so a daka a yi tuwon magarya. Ana iya datse ta kada ta wuce kai. Ɗunɗu ma kyakkyawa ne, furensa rabi ja-ja rabi rawaya yana reto kamar tuntu, sai dai saiwarsa na yaɗo tana tsiro ko ina, sai mai fili.

Wanda gidansa ke gefen gari, ko ya ke da sauran gona, ya duba ƙasa tukuna kafin ya kashe kuɗinsa. Sau da yawa kututturen sabara ko kalgo ko geza na nan da rai, ko wace shekara ya toho a sassabe. A ƙasar Maraɗi tun wajen 1983 aka fara koya wa manoma su zaɓi tohon da ya fi ƙarfi su bar shi, su rage sauran, abin da su ke kira sassaben zamani, wani mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo na cikin waɗanda suka tsaya a kai. Masana sun ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo ta haka a Jamhuriyar Nijar sun kai kadada miliyan 5. Saiwar da ta shekara ashirin a ƙasa ta fi ko wane dashe na leda.

To, furannin bakin titi fa, duk a watsar? A'a. Boganbiliya, wadda asalinta daga Barazil ne, tana jure rani ƙwarai, tana da ƙaya, kurciya na son sheƙa a cikinta. Sai dai a sani abin nan mai launi da mu ke kira furenta ganye ne, furen gaskiya ɗan ƙanƙane ne a tsakiya, abincin cikinsa kaɗan ne. Ita ɗakin kwana ce, ba madafa ba. Duk furen da aka gyara shi ya zama ninki bisa ninki, galibi an sayar da ruwan zumarsa an sayi ado. Akwai kuma biyu da ba na ba da shawararsu. Oliyanda, mai dogon ganye siriri, dafi ne tun daga ganye har saiwa, bai dace da gidan da ke da yara da awaki ba. Lantana kuwa tsuntsaye na son 'ya'yanta, amma su ne ke watsa ta, ganyenta kuma na lalata hantar shanu da tumaki.

Dashe sai ruwa ya zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa cikin Yuli. A haƙa rami kamar ƙafa ɗaya da rabi, a cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki, ba ɗanye ba, a barbaɗa toka saboda gara. In an riga an dafe tsakar gida, fasa siminti kaɗan a gindin katanga ya isa. A kifa tsohon kwando ko a kewaye da ƙaya, in ba haka ba akuyar maƙwabci ce za ta yi godiya. Wurin da ya fi ko ina shi ne inda ruwan alwala ke gangarawa, dabarar da iyayenmu suka daɗe da sani, amma ban da ruwan wanki mai sabulu. Kada kuma a yi wa itatuwan nan feshin fiya-fiya, wanda ya kashe tsutsa ya kashe abincin 'yan tsaki na sheƙa.

Da bazara ruwa ya fi fure kira. A sami kasko marar zurfi, a sa ɗan dutse a tsaka, a ɗora bisa wani abu kusa da shinge inda kyanwa ba za ta yi kwanto ba. Mai tsoron sauro ya kwantad da hankalinsa, ƙwan sauro sai ya yi kamar mako guda a ruwa kafin ya tashi, in ana zubarwa ana sakewa kullum ba zai kai ba. Mai tsoron maciji kuma ya riƙa share gindin shinge, ya ɗage rassan ƙasa kamar taƙi guda. Sauran aiki na yara ne masu danƙo. Na ga duka ba ya hana su, amma in aka ɗora wa yaro aikin zuba ruwan kasko, aka ce ya riƙa faɗin sunan duk wanda ya sauka, ya kan zama shi ne mai korar abokansa. Wanda abin ya shiga ransa sosai, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis kusa da Jos, wadda tun 2015 ta ke jagorantar aikin tattara labarin inda ko wane tsuntsu ya ke a Nijeriya, samarin Arewa ma na ciki.

Sai haƙuri. Zogale ya kan yi fure tun cikin shekararsa ta farko. Lalle sai an ba shi kamar shekara biyu kafin ya cushe, a kuma hana masu biki aske shi gaba ɗaya, a ware musu gefe guda. Magarya ce mai nawa, ta kan ɗauki 'yan shekaru kafin a ci 'ya'yanta. In za a dasa ta a nisanta ta da igiyar shanya, don ƙayarta mai ƙugiya ce, ba ta kuwa san zanen uwargida ba.